Haihuwar Fari da Makomar Aikin Mace

Binciken Claudia Goldin, malamar Jami'ar Harvard da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ratar albashi tsakanin maza da mata masu sana'a ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Musabbabin shi ne ayyukan da ta kira masu haɗama, wato masu biyan kuɗi mai tsoka ga wanda zai amsa kira dare da rana, lamarin da ke tilasta wa lauya mai goyo, alal misali, komawa aiki mai sassauci, ƙwarewarta kuma ta tafi a banza. A sana'ar harhaɗa magunguna a Amurka kuwa, inda ma'aikata ke maye gurbin juna cikin sauƙi, ratar ƙanƙanuwa ce.