Amsar Takardunku: Waƙoƙin Koriya, Na Gida Ne Ko Aron Turawa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce ba ya rabuwa da akwatin rediyonsa ko a gona. Kukansa shi ne 'ya'yansa mata sun duƙufa kallon waƙoƙin ƙasar Koriya a waya, har aikin gida yana kwantai. Da ya leƙa, sai ya ga samari da rinannen gashi suna tsalle, rabin waƙar kuma da Turanci. Shi ne yake tambaya: shin mutanen nan ba su da kiɗan kansu ne, sai na Turawa?

To Malam, mun gode da takarda. Suna da shi, amma amsar da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Waƙoƙin da yaranka ke kallo daga Koriya ta Kudu suke, ana ce musu K-pop. Tun kafin su akwai kiɗan gargajiya. Mafi shahara shi ne fansori: mawaƙi ɗaya ya tsaya riƙe da mafici yana rera labari, makaɗi ɗaya na zaune da ganga yana yi masa kara, wani lokaci a kwashe awa biyar ko fiye ba a kai ƙarshe ba. Suna kuma da abin busa mai suna taepyeongso, wanda in ka ji shi daga nesa sai ka rantse algaita ce.

Baƙon kiɗa ya shiga musu ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce Japan, wadda ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. A zamanin ne aka sami wani salo mai suna tirot, mai bugu bibbiyu, mawaƙi yana karya murya yana begen gida ko masoyi. Ƙofa ta biyu Amurka ce. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 sojojinta sun ci gaba da zama a ƙasar, ga talauci ya yi wa jama'a katutu. Makaɗin da ke son cin abinci sai ya nufi barikin soja ya kaɗa musu abin da suka saba ji a gida. A nan wani saurayi, Shin Joong-hyun, ya goge da jita, shi ne kuma ake kira uban kiɗan rok na Koriya. Wato dai neman tuwo ne ya fara koya musu kiɗan Amurka.

Ga wani abin mamaki. A 1964 wata zabiya, Lee Mi-ja, ta fitar da waƙar tirot wadda ta karaɗe ƙasar. Shekara guda bayan haka hukuma ta haramta ta, wai tana ƙanshin Japan, ba a kuma ɗage haramcin ba sai 1987. Amma yau ka tambayi dattijon Koriya wane ne kiɗan gida, ba mamaki tirot ɗin nan zai fara ambata. Abin da aka kora jiya da sunan baƙo, shi ne ya tsufa a gidan har ya zama mai gida.

K-pop ɗin kansa ana lissafa farkonsa daga 1992, lokacin da wasu samari uku, Seo Taiji da abokansa, suka fito a talabijin da gambara irin ta baƙaƙen fatar Amurka, amma da harshen Koriya. Alƙalan shirin suka ba su maki kaɗan. Matasa kuwa suka yi rububin kaset ɗin. In ka saurari waƙar da kyau za ka ji ba gambara zalla ba ce, an saka mata amshi mai taushi a tsakiya, don kunnen mutanen can ya saba da waƙar da za a iya bi a rera. A 1993 ma sai suka cusa busar algaitarsu a cikin wata waƙa.

Daga nan 'yan kasuwa suka shigo, kuma nan ne kai za ka fi ni ganewa. Mutanen Koriya ta Kudu miliyan 51 ne da ɗoriya, kasuwar ba ta isa ta mai da kuɗin da ake zubawa ba. Kamfanoni irin su SM sukan ɗauki yaro ko yarinya su yi shekaru suna koya musu rawa da waƙa da harsunan waje, su sayo karin waƙa daga marubutan Suwidin da Ingila da Amurka, sa'an nan su fitar da kaya zuwa Japan da Sin da sauran duniya. Kamar riɗi ne da ake tankaɗewa a zuba a buhu mai tambari don jirgi; wanda za a ci a gida dabam yake. Waƙar nan "Dynamite" ta samarin BTS, wadda ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka a 2020, gaba ɗayanta Turanci ce, kuma Turawan Ingila biyu ne suka rubuta ta. A nan kam zarginka ya yi daidai. Sai dai "Gangnam Style" ta 2012, wadda ita ce ta fara samun kallo biliyan ɗaya a YouTube, kusan dukanta da harshen Koriya take, kuma shaguɓe ce ga masu ƙaryar arziki na wata unguwar attajirai a babban birninsu.

Me kuma ake ci a gida? A shekarar 2020 wani gidan talabijin na can ya shirya gasar mawaƙan tirot, kallon ya kai kashi 35 cikin ɗari, abin da ba kasafai ake gani ba. Wanda ya ci gasar, Lim Young-woong, da wuya yaranka su san sunansa, amma a can tikitin wasansa kan ƙare nan take, 'ya'ya suna kokawar saya wa iyayensu mata. Wadda ta ci ta mata a 2019, Song Ga-in, fansori ta fara koya. Ga kuma waƙoƙin bege masu sanyi da suke rerawa a ɗakunan waƙa na haya bayan an tashi aiki.

A ganina, Malam, abin da ke iso wa wayar yaranka shi ne kason da aka tanada don baƙi, shi ya sa ka ga Turanci ya yi yawa. Mu ma nan an daɗe ana wannan gardama a kan waƙoƙin finafinan Hausa da karin Indiya, har yau ba a tashi ba.

In kana son ji da kunnenka, ce wa yaran su nemo maka "Daechwita", wadda ɗaya daga cikin samarin BTS ɗin ya fitar a 2020. Gambara ce, amma a kan kiɗan hawan sarakunansu na da ya ɗora ta, za ka ji busa da ƙarar tagulla tun daga farko. Batun wanke-wanken da ke kwantai kuwa, wannan tsakaninka ne da uwargida.