Matsayin Rigakafi a Horar da 'Yan Tseren Dogon Zango a Ƙasa Mai Zafi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa aikin farko na mai horar da 'yan tseren dogon zango shi ne kare lafiyarsu, sannan neman lambar yabo ya biyo baya. Batun ya shafe mu ƙwarai, domin ɗalibanmu na kwalejojin ilimi su ne za su zama malaman wasanni a makarantu, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan wuce digiri 40 na ma'aunin Selshiyas.

Zafi ba ya ƙyale ko da gwanaye. A gasar duniya ta shekarar 2019 a Doha, an fara gudun fanfalaki na mata, mai tsawon kilomita 42.195, da tsakar dare don a kauce wa rana. Duk da haka, daga cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Saboda irin wannan ne aka mayar da gudun fanfalaki na Olamfik ta Tokyo zuwa Sapporo, aka yi shi a can a 2021.

Matakan Rigakafi

Na farko, binciken lafiya kafin a fara horo. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da jini nau'in AS. Wannan ba ya hana shi tsere, amma idan aka haɗa masa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa kan iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, ya faɗi nan take. Wajibi ne mai horarwa ya san nau'in jinin kowane ɗalibi, ya kuma ƙyale shi ya tsaya da zarar ya ji kasala. Haka nan wanda ke fama da zazzaɓin cizon sauro, kada a sa shi gudu sai ya warke sarai.

Na biyu, sabawa da zafi. Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba. A cikin wannan lokaci ruwan jini yakan ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, bugun zuciya ya lafa. Don haka sai a fara da gajeren zango da sassafe, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, tare da ware ranakun hutu, domin a lokacin hutu ne nama da ƙashi ke gyara abin da gudu ya ɓarnata. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, shan ruwa bisa ƙima. A auna ɗan tsere a sikeli kafin gudu da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya rasa daidai yake da kimanin litar ruwa ɗaya. Idan asarar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa yakan ragu. Sai dai kuma yawan shan ruwa fiye da kima yana tsinka gishirin jini. Binciken da aka yi a gudun fanfalaki na Boston na 2002 ya gano wannan matsala a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada.

Na huɗu, shirin ko-ta-kwana. Idan ɗan tsere ya fara tangaɗi ko surutai, jikinsa ya yi zafi rau, to a ɗauka bugun zafi ne. Ƙa'idar ita ce a sanyaya shi tukuna, sannan a garzaya asibiti: a tsoma shi cikin ruwan sanyi, ko a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita, domin a sauko da zafin cikin minti 30.

Kammalawa

A taƙaice, babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kuɗi masu yawa: sikeli, randar ruwa, inuwa da littafin rubuta bayanan 'yan tsere sun wadatar. Shawararmu ita ce a sanya su cikin manhajar sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya na kwalejojinmu, a kuma jarraba ɗalibi a kansu a fili kafin a ba shi amanar 'ya'yan jama'a.