« Neutralité carbone » : ma'anar kalmar da siyasar makamashi ta Nijar

Kalmar « neutralité carbone » ta yawaita cikin takardun gwamnatoci tun bayan taron Paris na watan Disamba 2015. Faransa ta saka ta cikin dokarta ta 8 ga Nuwamba 2019, ta tsai da shekarar 2050 ; Sin da Nijeriya sun ce 2060, Indiya 2070. Za mu duba abin da kalmar ke nufi, sa'an nan mu auna siyasar makamashi ta Nijar da ita.

Sashe na 4 na yarjejeniyar Paris yana magana a kan « équilibre », wato daidaito tsakanin iskokin da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa da waɗanda ake shanyewa, musamman ta hanyar itatuwa da ƙasa. Lissafi ne mai gida biyu irin na ɗan kasuwa : shiga da fita. Ƙasar da ta kai wannan matsayi tana iya ci gaba da fitar da iska, muddin tana da abin da zai shanye kwatankwacinta. Mai fassara ya yi hattara, domin « neutralité » da muka sani a fagen siyasa, ta ƴan ba-ruwanmu, daban ce. Mu a nan za mu ce « daidaiton fitarwa da shanyewa ». Tana da tsawo, amma ba ta ɓoye gida na biyu.

Akan ji gidajen rediyo suna cewa « hayaƙi mai gurɓata muhalli ». Da jin hayaƙi, hankalin mai saurare sai ya tafi ga masana'antu da motoci. Alhali iskar karbon ba a ganinta, kuma iskar metan da shanu da tumaki ke fitarwa babu wuta a tare da ita balle hayaƙi. Wannan kuskure yana da nauyi a ƙasarmu. Cikin takardar alkawari da Nijar ta sabunta a 2021, wadda wa'adinta ya kai 2030, fiye da kashi 80 cikin 100 na iskokin da ƙasar ke fitarwa daga noma, kiwo da yadda ake sarrafa ƙasa da daji suke zuwa. Kason makamashi kaɗan ne. Manomi da makiyayi, waɗanda kalmar hayaƙi ke cewa ba da su ake ba, su ne a tsakiyar lissafin.

To, me ya sa maganar gwamnati ta fi karkata ga hasken rana ? Domin matsalarta ta farko ita ce rashin kuran. Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da shi, kuma tsarin da aka amince da shi a 2018 ya ɗauki burin kai kashi 80 cikin 100 kafin 2035. A 2018 ɗin ne aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, cikin jihar Tawa, mai megawat 7. Ta Gorou Banda, kusa da Yamai, mai megawat 30, an yi bikin buɗe ta a watan Yuli 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga wannan wata, Nijeriya ta yanke kuran da take sayar wa NIGELEC, wanda ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin ke rarrabawa, ba ta maido shi ba sai a Maris 2024. Tun daga nan, wanda ya ce hasken rana a Yamai, cin gashin kai yake nufi kafin ya yi tunanin ɗumamar duniya. Tunanin ba baƙo ba ne : an kafa ONERSOL tun 1965, kuma Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. Madatsar ruwa ta Kandaji kuwa, mai megawat 130, an aza tubalinta a 2008, aka sake tada aikin a 2019, har ƙarshen 2024 ba a kammala ba.

Gwamnati ba ta saki gawayin ƙasa da man fetur ba. SONICHAR tana ƙona gawayin Anou Araren tun 1981, akwai shirin wata tasha a Salkadamna, kuma a 2024 aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututu mai kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar tekun Benin. A ƙa'idar lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, iskar man da aka ƙona ana ɗora ta a kan ƙasar da ta ƙona shi. Saboda haka ƙasa tana iya sayar da mai da yawa, littafinta bai nuna sai abin da haƙowa da turawa suka fitar. A ganinmu wannan rauni ne na ƙa'idar, kuma ƙasashen da suka fi mu mai sun fi mu cin moriyarsa.

Makamashin da ya fi kowane yawa a gidajenmu itace ne, kuma a nan kalmar « renouvelable » take buƙatar nazari. Ɗafa-ƙeyar « -able » tana nuna yiwuwa. Hausa tana da abin da ke yin wannan aiki : aikatau ɗan aji 7 a rarrabuwar Parsons, idan yana cikin lokaci mai ci. « Motar tana gyaruwa » na nufin ana iya gyara ta. Haka « makamashi mai sabuntuwa » : wanda ake iya sabuntawa. Fassarar ta dace, domin ta bar sharaɗin a fili. Rana tana fitowa ko mun so ko mun ƙi. Itace ba ya sabuntuwa sai in abin da aka sara bai wuce abin da ya tsiro ba. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, murhun Mai Sauƙi, da gaz ɗin girki da matatar SORAZ ta Damagaram ke samarwa tun 2011, duk ƙoƙari ne na cika wannan sharaɗi, ko da yake yawan jama'ar birane yana gudu fiye da su.

Saura gida na biyu, na shanyewa. Daga wajejen 1983 manoman jihar Maraɗi suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu lokacin sassabe, suna zaɓen reshe mai ƙarfi suna renonsa : gawo, kalgo, sabara. Dabarar ta bazu har Damagaram da Tawa, kuma masu bincike sun ƙiyasta ta shafi hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Babu tashar da aka yi wa biki a nan, babu bashin da aka ciyo. Abin da ya ɗaure wa aikin gindi shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba zai biya tara ga ma'aikatan gandun daji ba in ya sari reshe. Sai a 2020 aka fitar da dokar da ta tsara wannan haƙƙi dalla-dalla. Matanin dokar da Faransanci yake, kuma kalmomin da ke rarrabe mallakar itace da izinin amfani da shi suna jiran fassarar da mai gari zai iya karantawa a gaban manoma da makiyaya lokacin da gardama ta tashi a kan gawo guda.