Shin Ko Kun San? Jiki Na Tona Asirin Da Baki Ya Ɓoye!

Shin ko kun san tun kimanin shekara 1,000 da suka wuce Ibn Sina ke gano sirri ta bugun jijiya? Zai kama wuyan hannun mara lafiya, a yi ta ambaton garuruwa, unguwanni da sunayen mutane. Da an faɗi sunan wadda ta sace masa zuciya, sai bugun ya rikice. Ashe ciwon so ne!

Ku ji na makiyayan Larabawa a Sinai! Sukan gasa ludayin ƙarfe a wuta, wanda ake zargi ya lasa sau uku. Wai tsoro na busar da yawu, harshen maƙaryaci ne zai ƙone.

Na'urar gano ƙarya fa? A 1921 ɗan sanda John Larson ya haɗa ta a Berkeley, Amurka. Tana auna numfashi, bugun zuciya da hawan jini. Daga baya aka ƙara zufar yatsu.

To amma ku riƙe wannan: na'urar ba ta ganin ƙarya, firgici take gani! Aldrich Ames, jami'in CIA mai sayar wa Tarayyar Sobiyet asirai, ya tsallake gwajin har sau biyu, a 1986 da 1991. Sai a 1994 dubunsa ta cika.

Tun a 1959 kuwa masanin halayyar ɗan Adam David Lykken ya zo da wata dabara. Kar a ce "Kai ka kashe shi?" A ce: "Da me aka kashe shi? Wuƙa? Igiya? Guba? Sanda? Bindiga?" Wanda bai san komai ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Wanda ya sani, ana zuwa kan makamin gaskiya, tafin hannunsa ya jiƙe, numfashi ya ja baya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as!

Ko kun san 'yan sandan Japan na yin wannan gwajin kusan sau 5,000 duk shekara?

Ga ta ƙwaƙwalwa! A 1965 aka gano wani motsin lantarki da ake kira P300. Ido na ganin abin da ya sani, motsin ya bayyana cikin kusan sulusin daƙiƙa. Kafin harshe ya shirya ƙarya, ƙwaƙwalwa ta riga ta amsa!

Mu fa da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska? Wani nazari na 2006 ya nuna sau 54 cikin 100 kacal mutane ke dacewa wajen bambance gaskiya da ƙarya. Kusan canki-canka!

Su ma gwaje-gwajen ana takatsantsan da su. A 2010 Kotun Ƙolin Indiya ta hana yi wa kowa irin waɗannan gwaje-gwaje bisa tilas. Sanin abu daban, aikata shi daban: mai shaida ma ya san makamin, haka wanda ya ji a rediyo.

Ku ba na kusa da ku labari, ku kuma daina yanke wa mutum hukunci don kawai ya sunkuyar da kai!