Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka zama mawaƙi a wasan EverQuest

EverQuest na cikin tsofaffin wasannin kwamfuta da dubban mutane ke haɗuwa ta intanet su yi a duniya guda. An fitar da shi a Amurka a watan Maris na 1999, aka mayar da shi kyauta a 2012, kuma har yau kamfanin Daybreak na tafiyar da shi. Duk wanda ya shiga duniyar wasan, wato Norrath, sai ya zaɓi sana'a: jarumi, mai warkarwa, matsafi da sauransu. A cikinsu akwai Bard, mawaƙin da ke raka mayaƙa fagen fama. Sababbin 'yan wasa da yawa sukan zaɓe shi saboda sun ji ana yabon gudunsa, sannan su watsar bayan 'yan kwanaki domin ba su gane aikinsa ba. Ga abubuwan da za su rage maka wahala.

Mene ne ainihin aikin mawaƙi?

Tawaga a EverQuest ba ta wuce mutum 6. Jarumi yana tare duka, mai warkarwa yana mayar masa da lafiya, sauran suna sara da jifa. Mawaƙi yana sa sulke, yana riƙe takobi, amma bai kai jarumi juriya ba, bai kai matsafi ɓarna ba. Ƙarfinsa yana bayyana ne a jikin abokan tafiyarsa. Wata waƙar tana ƙara musu saurin sara, wata tana dawo da lafiya sannu a hankali, wata tana sa dodo barci.

Ka tuna makaɗin gayya. Ba shi ne ya fi kowa yawan noma ba, amma idan gangarsa ta yi shiru za ka ga garma ta yi nauyi a hannun kowa. Idan burinka sunanka ya fito a sama wajen yawan kisa, nemi wata sana'ar. Idan kuwa kana jin daɗin ganin mutum 5 sun fi ƙarfinsu saboda kana tare da su, ka zo gida.

Abu biyu suka bambanta shi da masu sihiri. Yawancin waƙoƙinsa ba sa cin ƙarfin sihiri, saboda haka ba ya zaman jiran ya cika. Sannan yana iya rera waƙa yana tafiya ko yana gudu, alhali matsafi sai ya tsaya cak kafin ya yi jifa.

Saƙa waƙoƙi: nan gizo ke saƙa

Mawaƙi ba ya iya rera waƙa biyu lokaci ɗaya. Sai dai tayar da waƙa yana ɗaukar daƙiƙa 3, tasirinta kuma yana daɗewa kamar daƙiƙa 12 zuwa 18 bayan ta kama. A wannan tazarar ne ƙwarewa take. Ka tayar da ta farko, da zarar ta kama ka katse ta ka tayar da ta biyu, sannan ta uku, ka dawo kan ta farko kafin tasirinta ya gushe. Da haka tawaga ke cin moriyar waƙoƙi 3 ko 4 a tare.

A shekarun farko da yatsu ake yin wannan, awa bayan awa, har masu wasa suna kukan ciwon wuyan hannu. Daga baya aka ƙara umarnin /melody, wanda ke jera maka waƙoƙin da ka zaɓa yana juya su da kansa. A sabar Project 1999, wato wata duniyar wasan ta daban, wadda masu sha'awar tsohon salon wasan suka kafa a 2009, babu wannan sauƙin.

Ka fara da waƙoƙi 2 har hannunka ya saba, sannan ka ƙara ta uku. Ko da kana da /melody, ka koyi yi da hannu, domin idan abu ya ɓaci sai ka katse jerin nan take ka sako waƙar da za ta ceci tawaga. Idan kuma intanet ɗinka na yawan jinkiri, waƙoƙi 3 da ba sa yankewa sun fi 4 da ke faɗuwa a tsakiyar faɗa.

Waƙoƙin da za ka fara dogaro da su

Yayin da kake hawa matakan ci gaba a wasan, a mataki na 5 za ka sami Selo's Accelerando, waƙar gudu, wadda ita ce ta yi wa mawaƙa suna. A fili take aiki, kuma ita za ta fitar da ku daga halaka sau da yawa. A mataki na 6 sai Hymn of Restoration, mai dawo da lafiya kaɗan-kaɗan, wadda ke rage zaman hutu tsakanin faɗa da faɗa. Kelin's Lugubrious Lament tana zuwa a mataki na 8, tana kwantar da hankalin dodo har a janye na kusa da shi bai farga ba. Anthem de Arms, a mataki na 10, tana ƙara saurin sara. A mataki na 15 akwai Kelin's Lucid Lullaby mai sa barci. Daga mataki na 20 za ka fara samun waƙoƙin Cassindra masu dawo da ƙarfin sihiri, kuma daga nan masu warkarwa za su fara nemanka da kansu.

Kayan kiɗa ko takobi?

Fannonin kiɗa 5 ne: murya, ganga, kayan tsirkiya, ƙaho da sarewa. Kowace waƙa tana da fanninta, kuma riƙe abin kiɗan da ya dace yana ƙara mata ƙarfi sosai. Waƙar gudu da ganga take tafiya, waƙar lafiya kuma da garaya irin ta wasan. Matsalar ita ce hannun da ya riƙe ganga ba zai riƙe takobi ba. Daga mataki na 17 kana iya riƙe makamai biyu, sai zaɓin ya ƙara wuya.

Ka duba tawagarka kafin ka yanke. Idan masu sara sun wadata, ɗauki abin kiɗa. Idan ba su da yawa, zare takubba ka rera waƙoƙin murya. Kada ka bar wani fanni a baya, domin kowanne da yi yake ƙaruwa, kuma wanda bai ƙware ba yakan kuskure sauti, waƙar ta tsinke.

Kurakuran da ke jawo wa tawaga asara

Na farko shi ne Chords of Dissonance, waƙar mataki na 2 mai cutar da duk abin da ke kewaye da kai. Idan ka rera ta kusa da dodon da aka sa barci za ta tashe shi, idan ka manta da ita a bakinka ka shiga gari za ta taɓa masu gadi, su kuwa ba sa yafiya.

Na biyu shi ne maimaita abin da wani ya riga ya yi. Waƙar saurin sara ba ta haɗuwa da irin wannan sihirin na wasu matsafa, mafi ƙarfi kaɗai ke aiki. Tambayi abokanka abin da suke ɗauke da shi, ka ba da gurbin ga wata waƙar.

Na uku shi ne nisa. Waƙa tana da iyakar inda take kaiwa, don haka ka tsaya tsakanin masu sara da masu sihiri.

Na huɗu ya shafi mutunci. Saboda gudunsa, a tsohon salon wasan mawaƙi yana iya jan garken dodanni a baya yana kashe su da waƙa shi kaɗai. Dabara ce mai kawo ci gaba, amma idan ka kwashe dodannin yanki gaba ɗaya, ko ka faɗi garken ya afka wa wasu, sunanka ya ɓaci. Jama'ar kowace saba sun san juna, kuma ba sa mantuwa.

Ta ina za ka fara?

Biranen Qeynos, Freeport da Kelethin duk suna da gidan mawaƙa inda ake sayen waƙoƙi da kayan kiɗa. Ƙungiyar mawaƙa tana ba sababbi aikin kai wasiƙu tsakanin garuruwa, wanda ke kawo ɗan kuɗi, ya kuma koya maka hanyoyi. Ganga ce ta kamata ka fara saya. Bayan haka ka shiga tawaga da wuri, ka faɗa musu kai sabo ne, ka tambayi waƙoƙin da suke buƙata. Ka riƙa kallon ma'aunin lafiya da na sihirin kowa fiye da yadda kake kallon dodon da ke gabanka, domin daga nan za ka san waƙar da ta dace da kowane lokaci.