Takin da manomi ya zuba a gonar shinkafa: Wa ke fara cin sa?

A gonakin noman rani da hukumar ONAHA ke kula da su a bakin kogin Kwara, daga Tillaberi zuwa Saga da Gaya, ana noman shinkafa sau biyu a shekara. Duk da haka akasarin shinkafar da ake ci a Nijar daga waje ake shigo da ita, kuma manoma da dama na kokawa cewa suna ƙara taki amma amfani bai ƙaruwa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin taɓon gonar.

A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da karan shinkafa da saiwoyi bayan girbi. Abincinsu sinadarin kabon ne, amma ba sa iya sarrafa shi sai da naitirojin da fosforas. Karan shinkafa kuwa yana da kabon mai yawa, naitirojin kaɗan. Saboda haka idan aka binne shi dab da dashe, halittun sukan kwashe naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa, har da na takin yuriya, sai shukar ta yi ɗorawa na ɗan lokaci. Idan kuma fosforas ya yi ƙaranci, kamar yadda yake a mafi yawan ƙasar Sahel, ruɓewar takan yi jinkiri.

Ruwan da ke kwance a gona ma yana da nasa tasiri. Idan iska ba ta shiga ƙasa, wasu halittun dabam ke karɓar aikin, suna fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ta nuna cewa barin gona ta riƙa tsanewa tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa na rage metan da kuma ruwan da ake kashewa.

Masana aikin gona na ba da shawarar a daina ƙona kara, a binne shi makonni kafin dashe ko a haɗa shi da kashin dabbobi ya ruɓe, sannan a sa NPK tare da yuriya, ita kuma a raba ta kashi-kashi. Ga 'yan ci-rani masu aiko da kuɗin taki gida, tambayar wane iri za a saya ta kai tambayar buhu nawa muhimmanci.