Ba Mu Da Teku, Muna Da Gulbi: Yawon Ƙafa Da Iyali A Ƙasar Gobir

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasan ɓuya kamar yadda ya saba yi mana a gabashin Sakkwato.

Yau maganar yawon ƙafa za mu yi, wannan da 'yan birni ke kira haikin. Kun sha ganin hotunansu: miji da mata da yara, kowa da 'yar jakarsa a baya da gorar ruwa, suna bin wata siririyar hanya a bakin teku. Na san abin da wasunku za su ce: mutumin da ke taka sayyada daga gida zuwa gona kullum, shi za a koya wa tafiyar ƙasa? Gaskiya ne, ƙafa ba baƙuwarmu ba ce. Amma tafiyar dole daban, tafiyar da uba zai riƙe hannun ɗiyarsa ya nuna mata sunan itace da sunan tsuntsu daban. Ta biyun ce nake tsoron tana ɓace mana, kuma ita nake so mu duba.

Bari in fara da can inda abin ya kafu. A kudu maso yammacin Ingila akwai hanyar ƙafa da ta bi gaɓar teku tun daga garin Minehead har zuwa Poole, tsawonta ya haura kilomita 1,000. Ba iyalin da ke bin ta duka. Kowane gari na bakin teku yana da ɗan yankinsa, kilomita biyu ko uku, da alamu a jikin itace da wurin zama. Abin da ya fi burge ni shi ne asalinta: masu gadin gaɓar teku ne suka tattake ta da ƙafafunsu, suna sintirin kama 'yan fasa-ƙwauri. Hanyar tsaro ce ta rikiɗe ta zama hanyar shaƙatawa. Ku riƙe wannan, mu da ke zaune a bakin iyaka. A Faransa kuma fenti kawai ake shafawa, layin fari da layin ja a jikin dutse ko bishiya, baƙo ya bi bai ɓata ba. A gida Najeriya, Legas tana da gandun Lekki da aka kafa a 1990, inda aka shimfiɗa hanyar katako a kan fadama, ga wata gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. A Badagry ana haye ruwa da jirgi a taka yashi zuwa bakin teku, ta hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Yarbawa dai sun yi ƙoƙari, kuma ni Bagobiri in na yaba wa Bayarabe ku san abin ya kai a yaba, domin ba kullum ubangida ke yaba wa yaronsa ba.

To mu fa? Teku ba mu da shi, amma gaɓa muna da ita. A yankin Isa ne Bunsuru da Gagare ke haɗuwa su zama Gulbin Rima. Ya miƙa arewa, a wajajen Sabon Birni ya karɓi Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya dawo mana. Daga nan ya karya yamma zuwa madatsar Goronyo, ya wuce Wurno da Sakkwato da Argungu, ya faɗa Kwara. Ruwan da yaro ya wanke ƙafa da shi a Isa, ƙarshensa tekun ne dai. Wannan kaɗai darasin labarin ƙasa ne da za ka koya wa yaro kana tsaye a bakin gulbi, ba allo ba alli.

Yanzu me ke sa a ce hanya ta dace da iyali? Ba kyan wuri ba ne farko. Ana auna ta ne da mafi rauni a cikin tafiyar, wato ƙaramin yaro, ko mai goyo, ko kaka. Babba yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa guda. In da yara, ka raba biyu, domin yaro ba tafiya yake yi ba, bincike yake yi: zai tsaya kallon gwano, zai tsinci magarya, zai cire takalmi ya ce ƙaya. Don haka kilomita biyu zuwa uku, zuwa da dawowa, sun isa. Kuma hanyar da ta zagayo ta dawo inda aka fara ta fi wadda za a je a juyo, saboda a juyowa ne yara ke fara kuka.

Sai inuwa. A nan Allah ya yi mana gata da gawo. Shi gawo saɓanin sauran itatuwa yake: da damina ya kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Daidai lokacin da ake buƙatar inuwa yake ba da ita. Hanyar da ta bi ta gonaki masu gawo, ko ta gindin tsamiya da kanya, ko ta cikin goriba da giginya a gefen fadama, ta fi fili fetal ko da filin ya fi kusa. Lokacin kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, bayan an kawar da amfanin gona, ruwa ya ja baya, masu noman rani sun fara dashen albasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kar ma a soma. A Agusta da Satumba gulbi yana cika ya ci gaɓa, ƙasar da kake gani kamar tudu ƙarƙashinta ruwa ya riga ya ɓurme. In hazo ya yi kauri da hunturu, mai asma ya zauna gida.

Abin ɗauka ba shi da yawa: ruwan sha fiye da yadda kake zato, takalmi rufaffe saboda tsidau da ƙarangiya da kunama, hula, ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino. Kar yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara, nan kububuwa ke kwanciya. Abu guda da nake so iyaye su ɗauka da gaske shi ne ruwan kwance. Tafki da ƙananan kududdufai na fadama nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaro ya kalli ruwa daga tudu, ya ƙirga balbela da zalɓe, amma ban da iyo.

In da ni za a ba wa zaɓin hanya guda a ce a gyara ta a sa mata alamu, ba zan yi dogon tunani ba: Alƙalawa. Kufan babban birnin Gobir yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, kusa da gulbi. Sarkin Gobir Babari ne ya kafa shi a tsakiyar ƙarni na 18, a filin da Zamfarawa suka ba Gobirawa, kuma ana cewa daga alƙalin Zamfara sunan ya samo asali. Nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa zuwa fada. Nan kuma aka yi karon ƙarshe a 1808, rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, Sarkin Gobir Yunfa ya faɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a wajajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya zo ya kafa Sabon Birni. Kun ga sunan garin ma yana nuni da cewa akwai tsohon birni. Ko wane ɓangare kakanninka suka tsaya a wancan yaƙi, wurin naka ne. Tarihin da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa a Ibadan da Zariya, mu a bayan gidanmu yake kwance. Amma ku tambayi yara goma masu shekara goma sha biyu a cikin gari, har da masu tsagen Gobir shida da bakwai a kumatu, wa ya taɓa taka wurin. Ni ina jin amsar ba za ta yi muku daɗi ba.

Kuma kun san dalili. Ba zan zauna a nan in ce wa kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi Alƙalawa gobe ba, wallahi ba zan ɗauki wannan alhaki ba. A Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Disambar 2021 an ƙone fasinjoji cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. A 2024 an ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, kuma a hannunsu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hanyar da ba ta bar sarki ba, ba za a tura mata goyo ba. Dubban 'yan uwanmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Ana lissafa mana rayuka da shanu da gonakin da aka bari, kuma daidai ne a fara da su. Abin da ba a lissafawa shi ne yaran da suka tashi duniyarsu ba ta wuce ƙofar gida da makarantar allo da kasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na awa guda kowace rana. Wannan na jiki ne. Na ƙwaƙwalwa fa, yaron da bai san bambancin aduwa da kurna ba, bai san ta ina gulbi ke shigo wa garinsu ba?

Abin da ya rage a hannunmu ƙarami ne, amma akwai shi. A ranakun da gari ya lafa, ana iya zagayen gefen gari, inda ba a daina hangen rufin gidaje ba kuma ana jin kiran salla. A fita bayan rana ta ɗan ɗaga, a dawo kafin azahar. A tafi gida biyu ko uku tare, ba ayari ba. Kafin a fita a tambayi waɗanda suka kwana da labarin daji: masunta, masu lambu, 'yan kabu-kabu. In ɗaya daga cikinsu ya ce yau a'a, to a'a ce, ba musu. Kuma don Allah, matasa, kar a sanar a Facebook ko a WhatsApp cewa gobe ƙarfe kaza za mu wuri kaza. Hoto ya jira sai an dawo gida. Wanda yake zaune Sakkwato ko Kano ko Zariya saboda karatu ko hijira, shi ba shi da uzuri: ga Dutsen Dala da matakalarsa a tsakiyar birni, ga Kufena, ga inuwar dogon yaro a harabar jami'o'i. A kai yara su saba da tafiyar.

Hanyoyin da ba sa takuwa yanzu kuwa, a rubuta su. Hanyar ƙafa ba kwalta ba ce, in aka yi damina uku ba a bi ta ba ciyawa ta cinye ta, sai ta koma cikin kan tsofaffi kaɗai. Wayar da kuke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna da kaka ko wani tsohon bafatake ko masunci, ku ce: Baba, in mutum zai tafi Alƙalawa da ƙafa daga nan, ta wace ƙofa yake fita? Wace itaciya ce alamar farko? Ina mashigi yake da rani, ina yake komawa in ruwa ya kawo? Ina rijiya, ina ake hutawa, burtali ta ina ya ratsa? Ku bar shi ya yi ta zuba, kar ku katse shi ko ya kauce zuwa labarin aurensa na fari. Daga baya ku zana taswirar a takarda, ku sa sunayen wuraren yadda ya faɗe su da bakin Gobir, ku rubuta ranar da kuka ɗauka. Ku ajiye kwafi a wurin wani ɗan uwa da ke wani gari, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta.

Nan za mu dakata. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.